Tumbin Yaya Ummaru

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da ciwon ya kuma saukar da sauƙinsa. Sunana Nasiru. Ina sana'ar albasa a kasuwar Goronyo tare da wana, Alhaji Ummaru, wanda nake kira Yaya. Ni na yi jinyarsa, kuma labarinta zan bayar, don na ga masu irin jikinsa sun yi yawa a rumfunan kasuwarmu, kowa kuma barka yake yi musu. In ka karanta ka ga ina yawan zargin mutane, ka yi mini uzuri. Kafin jinyar nan ba haka nake ba.

Mu 'yan Rara ne, ta ƙasar Rabah. Na tashi na tarar da Yaya siriri, dogo, ba tsoka a jikinsa sai jijiya. Shi ke jan ruwa da jigo a fadamar mahaifinmu, ya yini yana ban ruwa, ya dawo gida a ƙasa da kaya a ka. Da aka yi dam noman rani ya buɗe, sai ya koma Goronyo ya sayi injin ban ruwa. Daga baya ya bar noman ma ya shiga saye da sayarwa, ya kira ni na zo na kama masa. Allah ya buɗa. Keke ya zama babur, babur ya zama mota. Tuwon gero ya bar gidansa, shinkafa ta zauna, tunda ga ta nan ana nomawa rani da damina. Aikinsa ya koma zama kan tabarma a rumfa, manoma su kawo, 'yan Kudu su zo su loda. Wuya ya cika, tumbi ya yo gaba. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Alhaji, jiki ya yi kyau, Allah shi ƙara." Allah kuwa ya yi ta ƙarawa.

Ciwon ba rana ɗaya ya zo ba. Da farko gwiwa ce, sai ya fara yin nafila a zaune. Sai minshari, wanda matarsa Kulu ta ce yakan yanke a tsakiya kamar an shaƙe shi, har sai ta taɓa shi ya ja numfashi. Sai ciwon kai ta ƙeya. Sai ƙafa ta riƙa kumbura da yamma har takalmi ya bar shaida. In ya taka daga rumfa zuwa inda ake lodi, sai ya dafa jikin mota yana haki. Duk wannan gajiya muka kira shi.

Wata Juma'a aka yi sujada aka ɗago, Yaya bai ɗago ba. Ina gefensa. Ina jin nishinsa, yana ta ƙoƙarin tura ƙasa da hannu. Sai da aka sallame ni da wani bawan Allah muka kama shi muka zaunar. Idonsa ya yi ja, gumi ya jiƙa rigar sharkaf.

"Kak ka gaya ma kowa," in ji shi. "Jiri na kawai."

Na gaya wa Kulu. Da safiyar Litinin muka tisa shi gaba sai asibitin garinmu.

A can muka haɗu da Sista Rahila, ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar Zuru da ta daɗe a garin. Abin awon jinin da ta fara ɗaukowa bai zagaye damtsen Yaya ba, sai da ta je ta nemo babba. Ta auna, ta sake aunawa. Ta sa shi ya hau sikeli, ta duba, ta ɗago ta dube shi.

"Alhaji, ba nan za ku tsaya ba. Sakkwato za ku, kuma yau."

A Sakkwato muka san abin da ake kira layi. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin biya daban. Aka rubuta mana gwaje-gwaje, aka ce mu kai wani ɗakin gwaji da ke tsallaken titi, wai injin asibiti ya lalace. Na tambayi wani dattijo da ke jira kusa da ni, ya ce shi tun bara yake zuwa, bai taɓa tarar da injin nan da rai ba. Daga nan na fara sa ido a kan komai.

Likitan saurayi ne, ya gaji, ga mutane cike a ƙofa. Ya duba takardun ya ce, "Hawan jini ne, kuma ya hau ƙwarai. Sukari bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa." Wannan magana ta bakin ƙofa ta zauna mana. Ya ci gaba, "Ga magani, kullum, ba fashi. Amma magani kaɗai ba zai yi ba, nauyin nan sai ya sauka. Ka rage ci, ka riƙa tafiya a ƙasa." Kafin Yaya ya buɗe baki ya yi tambaya, an kira na bayanmu.

Makon farko muka fara tafiya. Bayan sallar asuba in biya masa, mu bi gaɓar hanyar ruwan da ke kai ruwa gonaki. Ranar farko ko gonar tafarnuwa ta farko ba mu wuce ba ya nemi dutse ya zauna. Masu zuwa ban ruwa a babur sai su ja birki, "Alhaji, mota ta lalace? Hau in kai ka." Kafin mako ya ƙare labari ya zagaya kasuwa wai ya sayar da motar. Bai kula ba. In mun dawo mu tsaya wurin mai shayi ya huta, mu sha ruwan zafi, sannan mu wuce rumfa.

A gida Kulu ta yi nata. Ta rage shinkafa, ta rage mai, naman da a da yake cika masa kwano ya koma yanka biyu. Yaya ya yi haƙurin da ban zaci yana da shi ba. Mako na biyu ya wuce gonar tafarnuwa. Mako na uku har muna hango bangon dam. Ya bar tsiren yamma, wanda shekara da shekaru bai taɓa fashinsa ba, har mai tsiren ya aiko a tambaya ko laifi ya yi.

Da wata ya cika muka koma wurin Sista Rahila, Yaya har da sabuwar riga. Jinin ya ɗan sauka. Ya hau sikeli yana murmushi. Nauyi bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Sikelin na fara zargi. Tsoho ne, ya yi tsatsa a gefe. Na ɗauki Yaya na kai shi shagon masu takin zamani, na roƙa aka bari ya hau nasu. Abu ɗaya suka faɗa. Sai na koma kan ƙwayoyin. Na ce wa ya sani ko su ke sa ƙiba, don mutum ya yi ta saye har ƙarshen ransa. Na kai su wani kantin magani daban, mai kantin ya juya kwalin ya ce na gaske ne, amma shi ma na lura yana ta tallata mini nasa. Ban yarda da shi ba, ban kuma yarda da wanda ya sayar mana ba.

Daga ƙarshe na je wa Kulu. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida.

"Yaya Kulu, don Allah ki gaya man gaskiya. In na tahi, kina ƙara mishi wani abu?"

Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan kwano ta dangwarar a gabana.

"Dibi wanga. Na yara na. Cikinai nika zuba ma mai gidan ga abinci. Kullum shina kallona awa ni na ɗora mishi ciwon, ina haɗiyewa. Yau kuma kai ka zo kana tuhumata?"

Ta yi kuka. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da daɗi ba. Na fita na bar gidan, amma ko a hanya ina cewa a raina to in ba ita ba, wa ke nan?

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarmu, ta iso daga Rara, tare da ƙanenta Kawu Bello da ke zaune a Rabah. Labari ya kai mata cewa ana horar da ɗanta da yunwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta sa aka kira ni.

"Wa ya ce ƙiba ciwo ta?" in ji ta. "Ubanku ya koma ga Allah ƙashi da fata, shina roƙon Allah shi ba ɗiyanai abin da za su ci su ƙoshi. Allah ya amsa, kai kuma ka hana shi ci, kana jan shi bakin ruwa da asuba mutane na yi muna dariya."

"Inna, likita ya ce."

"Likita ya haihe shi?"

Sai Kawu ya yi gyaran murya, ya zaro wata gorar roba daga aljihu, cike da wani baƙin ruwa. Ya ce daga wani mai magani ne da ke zagaya kasuwanni da mota da lasifika. Yana narkar da kitse, yana wanke dattin ciki, ba sai an wahala ba. Sharaɗinsa ɗaya, ba a haɗa shi da na asibiti. Inna ta ce to madalla, in dole sai ya rage, ga hanya, ya ci abincinsa ya sha maganinsa.

Na tambayi sunan mai maganin, da garinsu, da abin da aka haɗa a ciki.

"Kai ɗan sanda na?" in ji Kawu.

Na lura ya san farashin gora ɗaya, ya san rangwamen da ake yi in an sayi da yawa, kuma akwai wasu gororin a akwatin babur ɗinsa. Na yi zargin la'ada yake samu. Har yau ban tabbatar ba, har yau kuma ban bar zargin ba.

Washegari na biya wa Yaya da asuba kamar kullum. Ya fito ba takalmin tafiya. Muka tsaya a zaure.

"Nasiru, wata guda ina bin ka awa rago. Na rage nama, na bar tsire, gwiwata ba ta bari na barci, abin ƙaruwa ya yi. Naku ya kasa." Sai ya ƙara da cewa, "Kawu ya ce mutane na hwaɗin in na kwanta kai ka riƙe rumfa. Ni ban yarda ba. Na dai gaya maka abin da aka cewa."

Ya ce bai yarda ba, amma ya faɗa. Na juya na tafi rumfa ni kaɗai, na zauna har rana ta fito ban buɗe buhu ko ɗaya ba.

Ya bar ƙwayoyin asibiti, ya bar tafiya, ya kama baƙin ruwan Kawu safe da yamma. Gudawa ta ɓalle. Kawu ya aiko cewa dattin ne ke fita, a ci gaba. Cikin mako guda wando ya yi masa sako-sako, gida ya cika da murna, ana nuna ni da baki. Ni kuwa leɓensa nake kallo, ya bushe ya tsattsage. Ido ya faɗa. Yana zaune sai ƙafa ta murɗe masa ya yi ƙara. Na je na gaya wa Sista Rahila, ta ce in kawo shi a ranar ko da ɗaukarsa zan yi. Ya ƙi. Ya ce rama ake nema, ga ta ta zo.

Mako na biyu da fara maganin, ranar kasuwa da tsakar rana, yana tsaye wurin lodi yana ciniki da wani ɗan Kudu. Sai na ji maganarsa ta harɗe kamar mai tauna tuwo da zafi. Na waiwaya. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, hularsa ta faɗi. Ya sulale jikin buhuna. Nan take mutane suka taru. Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa ne, wani ya kawo tafarnuwa a shafa masa a hanci. Ban saurari kowa ba. Mu huɗu muka ɗaga shi da ƙyar muka sa a mota, na biya na ɗauki Kulu da gorar maganin, na kama hanyar Sakkwato. Ban san yadda na wuce garin Achida ba. Abin da nake tunawa shi ne muryar Kulu a baya, ta rungume kansa tana cewa, "Alhaji, kak ka yi barci, yi man magana."

Ba gado da muka isa. A kan gadon da ake tura marasa lafiya ya kwanta a baranda har aka sallami wani. Komai mu muka saya, ruwan da aka ƙara masa, allura, har safar hannu. Albasar da muka ajiye muna jiran tsadar damina, rabinta na sa aka fitar aka sayar a lokacin da take araha. Waɗanda suka saya abokan kasuwarmu ne. Sun yi jaje, sun kuma taya da arha.

Wannan karon likitar mace ce, dattijuwa, mai magana a hankali. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya sa ta zo da sauƙi. Jinin ya hau da ya bar magani, gudawar kuma ta tsotse ruwan jikinsa har ƙoda ta fara gazawa. Na miƙa mata gorar. Ta juya ta, ba suna ba rubutu. Ta shinshina ta rufe.

"Ban san abin da ke ciki ba," in ji ta. "Kuma ina jin wanda ya sayar ma bai sani ba."

Wanda bai yi jinyar mai jiki ba bai san nauyi ba. Juya shi a gado aikin mutum biyu ne. Kai shi bayi aikin mutum biyu ne, wani lokaci uku. Akwai wani mutumin Wurno da ke jinyar mahaifinsa a gadon kusa da mu, duk lokacin da ya ga na miƙe sai ya ajiye abin da yake yi ya zo ya kama mini. Ban taɓa tambayar sana'arsa ba, shi ma bai tambayi tawa ba. Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan mahaifinsa, don a can ya rasu. Kulu ke goge wa Yaya jiki, ta wanke zanen gado ta shanya a katanga. Inna ta zo ta zauna a gefen gado, ita ke ba shi abinci da cokali tana share masa gefen baki da bakin mayafinta.

Masu dubiya sun zo mota-mota, kuma na gode musu. Amma kowa da katan ɗin lemo ko na madara, har ƙarƙashin gado ya cika. Kawu ma ya zo. Ya ce shi tun farko ya san jifa ne daga abokan kasuwa, kuma akwai wani maganin karya sammu da zai kawo. Na kama hannunsa da ladabi na raka shi har bakin ƙofar asibiti, na ce ya gaida gida.

Sai a mako na biyu maganar Yaya ta fara fita. Wata rana da hantsi ina yanke masa farce, ya riƙe hannuna da na hagunsa. Ya daɗe yana kokawa da harshe.

"Nasiru. Riƙe rumfa."

Na ce to. Na fita baranda na tsaya ina kallon masu shanya, har idona ya bushe sannan na dawo.

Aka sallame mu da ƙwayoyi da sanda, da umarnin nan dai na farko, a rage ci, a motsa jiki. Na dawo gida da tambayar da ta hana ni sukuni tun farko. Mutum ya yi wata guda yana tafiya, yana ci a kwanon yara, me ya sa ya ƙaru? In ban gano ba, komawa za mu yi gidan jiya.

Sista Rahila ce ta zo duba shi wata rana da la'asar bayan ta tashi aiki. Ba wanda ya biya ta, ba wanda ya aike ta. Ta tarar da shi a kan tabarma a inuwa, Inna na dama masa fura a babbar ƙwarya, ga gwangwanin sukari a gefe tana zubawa da ludayi. Sista ta gaida Inna har ƙasa, ta auna jinin Yaya, sannan ta zauna tana kallon ƙwaryar.

"Alhaji, kullum kake shan wannan?"

"Kullum. Tun ina yaro."

"Lokacin da kuke tafiyar asuba ma?"

"Lokacin ma na hi sha, don yunwa."

"To bar maganar abin da kake ci. Gaya mini abin da kake sha, tun daga safe."

Ya fara jerowa da harshensa mai nauyi. In ya tashi, zuma cokali biyu ko uku, don an ce magani ce. In mun dawo tafiya, shayi babban kofi, mai kauri, da madarar gwangwani da sukari. Da hantsi kunu. Da azahar fura da nono, ƙwarya guda, wani lokaci a ƙara da la'asar tunda abincin rana ba ya riƙe shi. In ana jiran mota, rake. Duk baƙon da ya zo ciniki daga Kudu sai an kawo lemon kwalba, kuma ba ya yiwuwa baƙo ya sha mai rumfa na kallo. Ranar kasuwa baƙi ba su da iyaka. Lokacin kuma mangwaro ya shigo.

Sista ta riƙe haɓa. Kulu ta fito daga madafa ta tsaya.

"Alhaji, duk wannan ba ka gaya wa kowa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Likita ci ya ce in rage. Bai ce sha ba."

Ba wasa yake yi ba, ba kuma wayo ba ne. Iyakar gaskiyarsa ke nan. Ni da na zargi sikeli, na zargi ƙwaya, na zargi matar gida, kullum ina gefensa a bencin mai shayi, kofina irin nasa. Ni ma ban taɓa ɗaukar abin da ake sha a matsayin abinci ba.

Sista ta ce, "Cikinka bai raba ci da sha ba, Alhaji. Tafiyar da kake yi ba banza ba ce, ita ta taimaka jininka ya sauka a watan nan, kuma ita za ta tayar da ƙafar nan. Amma abin da tafiyar safe ta cire, shayin nan kaɗai ya mayar da shi. Sauran duk ƙari ne."

Inna ta ajiye ludayi. "Yanzu hurar ma hana shi za a yi? Da mi za shi rayu?"

"Ba hana shi za a yi ba, Inna. Ƙaramin kofi, ba sukari. Ke kin san abin da kuka ci kuka yi noma da shi a Rara. Shi za ki koya wa gidan nan."

Ban san ko da gangan ta faɗi haka ba, amma ta sami Inna. Washegari da sassafe ta aika a ciro mata zogale da rama. Ta karɓe rabin madafa daga hannun Kulu. Tuwon gero ya dawo, malmala ɗaya, miya da yawa, mai kaɗan. Wake, kwaɗon ganye, kifin dam gasasshe maimakon soyayye. Ta yi ta mita tana cewa ta zo gidan mai kuɗi tana dafa abincin talauci, amma ba ta fasa ba. Katan-katan ɗin lemon dubiya na kwashe na raba wa makwabta. A rumfa na sa tulun ruwa, baƙo ya zo a sayo masa lemonsa, mu mu sha ruwa.

Tafiya kuma daga farko muka sake. Daga tabarma zuwa bakin rijiya, ina riƙe da shi. Sai zaure. Sai masallacin unguwa da sanda. Damina ta shiga ta fita kafin mu sake ganin gaɓar hanyar ruwa. Wannan karon nauyin ya sauka, amma a hankali ƙwarai, wani watan ma kamar ba ya motsi. Akwai ranakun da ya yi fushi ya ture kwano, akwai ranar da na kama shi da guntun rake a aljihu muka yi kamar ba mu ga juna ba. Da ramar ta fara bayyana sosai, ban yi murna nan da nan ba. Na ji an ce ciwon sukari ma yana ramar da mutum, don haka na sake kai shi Sakkwato aka gwada, a wuri biyu daban. Duka suka ce sukarin ya ja baya. Sannan na yarda.

Ina godiya ga Sista Rahila, da likitar nan dattijuwa, da Kulu wadda ta yafe mini ba tare da na iya roƙonta yadda ya kamata ba. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Da likitan farko ya sami sararin yi wa Yaya tambaya ɗaya tak, da wataƙila hannunsa na dama yana nan da ƙarfinsa. Yanzu ko bakin buhu ba ya iya ɗaurewa. Mai baƙin ruwan nan kuwa na gan shi da idona a kasuwar Rabah, ya sake wa motarsa fenti, lasifikarsa na nan, mutane sun kewaye shi suna miƙa hannu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Don haka in an ce da naka ya rage nauyi, kada ka bar shi da tafiya kaɗai, kada kuma ka tsaya kan kwanonsa. Ka zauna da shi wuni guda ka ga duk abin da ke wucewa ta maƙogwaronsa. Duk gorar da ba ta da suna, ko wa ya kawo ta, ka zubar.

Yaya ya koma rumfa da kakar albasa. Rigunansa duk an rage su, yana tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba. A makon da ya dawo, wani manomi daga Kagara, wanda ya yi shekaru yana kawo mana kaya, ya iso da amalanke cike da buhuna. Ya yi sallama, ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Ina Alhaji Ummaru?"

"Ga ni," in ji Yaya.

Mutumin ya matso ya ƙura masa ido. Ya gane muryar. Ya yi masa sannu, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Gaya man tsakani da Allah. Ciwo na, ko karayar arziki ta?"

"Lahiya ta," na ce. "Ya hi da can lahiya."

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ya ce bari ya ɗan zagaya ya dawo. Muna kallo ya ja shanunsa ya wuce zuwa rumfar gaba, inda mai ita ke kishingiɗe, tumbinsa ya rufe masa gwiwa, ga kwalbar lemo a hannu. A can ya sauke.

Raina ya ɓaci, na miƙe zan bi shi. Yaya ya tare ni da sandarsa. Yana dariya, da gefen bakin da ya fi motsi.

"Bar shi, Nasiru. Zubo man ruwa. Gobe ka zo da wuri, ina son mu kai bangon dam."

Mun kai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da ido.